Katun Na Kimiyya: Wa Zai Duba Kafin Yaran Kwoi Su Kalla?

Ran 28 ga watan Fabrairu na shekarar 2024, kamfanin Disney na ƙasar Amurka ya fito da wani wasan zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun, mai suna Iwájú, watau "gaba" da harshen Yarabanci. An shirya shi ne kashi 6 tare da wani kamfani mai suna Kugali, wanda samari biyu 'yan Nijeriya, Olufikayo Adeola da Tolu Olowofoyeku, da wani ɗan ƙasar Uganda, Hamid Ibrahim, suka kafa. Labarin ya nuna birnin Legas ne kamar yadda aka ƙaga zai kasance nan gaba, da motoci masu tashi sama, da na'urori masu magana, da wata yarinya 'yar shekara 10 mai suna Tola wadda 'yan garkuwa da mutane suka sace don ubanta ya biya kuɗin fansa.

Kwana 8 kacal bayan haka, watau ran 7 ga watan Maris, sai 'yan bindiga suka shiga garin Kuriga a Ƙaramar Hukumar Chikun ta Jihar Kaduna, suka kora 'yan makaranta zuwa daji. Sai ran 24 ga watan aka ba da sanarwar kuɓutar yara 137.

Babu abin da ya haɗa fitowar wancan wasa da wannan masifa. Amma duk uban da ya ji labaran biyu a lokaci guda, lalle wata tambaya za ta zo masa: shin wasan da aka shirya don yara, aka kuma gina shi a kan satar yara, ya dace a kunna wa yaron da ke zaune a jihar da ake satar yaran da gaske? Wannan tambaya ta shafi kowane gida mai talabijin ko wayar hannu, kuma ta shafi garin Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba da ke kudancin Jihar Kaduna, ƙwarai da gaske, bisa dalilan da za a gani nan gaba.

ZANE BA SHAIDA BA NE

A Kwoi da Kafanchan, kamar dai sauran garuruwan ƙasar nan, akwai wani zato da ya zauna a zukatan iyaye da yawa, cewa duk abin da aka zana aka sa masa launi to na yara ne. Idan uba ya shigo ya tarar ana kallon fim ɗin da 'yan wasa na gaske ke harbe-harbe, nan da nan zai ce a kashe. Amma idan ya leƙa ya ga katun ne, sai ya wuce ɗakinsa hankali kwance. Ita ma uwa da ta dawo daga gonar citta a gajiye, ga tuwo yana jiranta, takan miƙa wa yaro waya ta ce ya je ya kalli katun, don ta sami sararin aiki.

To, amma zane hanya ce kawai ta ba da labari, kamar yadda alƙalami yake. Da alƙalami ake rubuta littafin 'yan aji ɗaya, da shi kuma ake rubuta hukuncin kisa. Alal misali, cikin 1988 aka yi wani fim ɗin zane na ƙagaggen labarin kimiyya a ƙasar Japan mai suna Akira, wanda masana fim ke yabawa har yanzu, amma cike yake da zubar da jini da narkewar jikin mutum, kuma masu shi ba don ƙananan yara suka yi shi ba.

Ko Voltron, zakunan ƙarfen nan guda 5 da suke haɗuwa su zama ƙaton mutum-mutumi, wanda iyayen yau da yawa suka taso suna kallo a talabijin na NTA, asalinsa wasan Japan ne na 1981. Kafin a nuna shi ga yaran Amurka cikin 1984, sai da aka zauna aka yanke wuraren da suka cika muni, har ma aka sāke labarin wani jarumi da aka kashe aka ce rauni ya ji. Ashe abin da yaran Nijeriya suka gani a wancan zamani ya riga ya bi ta rariya. Haka kuma cikin 1986, da aka yi fim ɗin Transformers aka kashe babban jaruminsa, Optimus Prime, yara da yawa a Amurka sun fita daga silima suna kuka, iyaye suka yi ta ƙorafi, har daga baya aka mai da shi da rai a wasan talabijin.

Bugu da ƙari, cikin shekarar 2000 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Fumie Yokota da Kimberly Thompson, suka duba finafinan zane 74 da aka yi tsakanin 1937 da 1999, waɗanda duk aka ba su shaidar cewa kowa na iya kallo. Ba su sami ko ɗaya ba wanda babu duka ko faɗa ko neman cutar da wani a cikinsa. Wannan bai nuna cewa finafinan duk miyagu ne ba. Abin da ya nuna shi ne, shaidar da ke jikin fim ba ta faɗin dukkan abin da ke ciki.

ABIN DA HUKUMA TA TANADA

Maganar tace fim ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa, lokacin da motocin majigi ke zagaya garuruwa suna haska hotuna a bango da dare, aka kafa dokar duba finafinai cikin 1933. Bayan samun mulkin kai aka yi wata cikin 1963. Sa'an nan cikin 1993 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa da doka mai lamba 85, Jihar Kano kuma ta kafa tata hukumar cikin 2001. Shirye-shiryen talabijin kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1992.

Hukumar tace finafinai tana sa wa kowane fim alama. Harafin G yana nufin kowa na iya kallo. PG yana nufin yaro ya kalla da jagorancin iyaye. Lamba 12 ta hana wanda bai kai shekara 12 ba, 12A kuma ta yarje masa idan yana tare da babba. Akwai 15, akwai 18, akwai kuma RE ga fim ɗin da aka taƙaita wuraren nuna shi. Sanin waɗannan alamomi yana da amfani, kuma ya kamata malaman makaranta su koya wa yara da iyaye ma'anarsu.

Sai dai akwai matsala. An tsara wannan aiki ne a zamanin da fim ke shigowa ta ƙofa ɗaya, watau gidan silima ko shagon kaset, inda akwai mai sayar da tikiti ko kwali mai ɗauke da alama. Yanzu kuwa ƙofofi sun yi yawa. Fim yakan iso gida ta tauraron ɗan Adam, ko ta intanet, ko ta hannun samarin nan da ke tura finafinai a waya a bakin kasuwa da tasha. Wanda aka tura a katin waya ba shi da kwali, ba shi da alama, wani lokaci ma ko sunansa na gaskiya babu. Daga waya ɗaya kuma sai ya zagaye unguwa kafin rana ta faɗi. Ma'aikacin hukuma da ke zaune a Abuja ba shi da hanyar sanin abin da yaro ke kallo a bayan ɗaki a Kwoi.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Mafi yawan finafinan zane a ƙasashen waje ake yin su, can kuma ake fara auna su da mudun mutanen can. Cikin 2022 an ga misalin haka da fim ɗin Lightyear, labarin wani ɗan sama jannati, wanda aka ba shi alamar PG a Amurka, amma ba a nuna shi ba a ƙasashe fiye da 10, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malesiya, saboda wani ɗan gajeren wuri da aka nuna mata biyu suna sumbatar juna. Fim ɗaya ne, amma hukunci ya bambanta, domin kowace al'umma da abin da take gudu.

ABIN DA KE BA YARO TSORO

Wata malama a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Farfesa Joanne Cantor, ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke firgita yara a fim da talabijin, ta kuma rubuta littafi a kai cikin 1998. Abin da ta gano ya yi daidai da abin da kowace kaka ta sani. Yaro ƙarami, wanda bai wuce shekara 7 ba, siffa ce ke ba shi tsoro: mummunar fuska, da ƙaton jiki, da abin da ya rikiɗe daga wata kama zuwa wata. Ko da dodon mai kirki ne a labarin, idan muni gare shi, yaron zai firgita. Gaya masa cewa ai zane ne, ba gaskiya ba ne, bai cika yin amfani ba, domin hankalinsa bai gama raba ƙage da zahiri ba.

Shi kuwa yaron da ya haura shekara 8 ya fara gane cewa babu zakin ƙarfe a duniya, don haka dodanni sukan rage ba shi tsoro. Abin da ke hana shi barci shi ne abin da zai iya faruwa da gaske: gobara, da mutuwar uwa ko uba, da ɓarawo, da sata. A nan ne maganar Iwájú ta zama ta daban ga yaran Jihar Kaduna.

Motoci masu tashi da ke cikin wasan ƙage ne. Ƙadangaren ƙarfen nan mai suna Otin, wanda mahaifin Tola ya ƙera don ya tsare ta, shi ma ƙage ne. Amma Bode, shugaban 'yan garkuwar, da yaransa, da maganar kuɗin fansa, waɗannan yaron Kwoi ya san su a zahiri. Ran 5 ga watan Yuli na 2021 aka sace ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma gidaje da majami'u a duk faɗin kudancin Kaduna sun daɗe suna addu'a a kansu. A cikin wannan wata ne kuma aka sace Sarkin Jaba kansa, Kpop Ham Danladi Gyet Maude, a gonarsa da ke cikin Jihar Nasarawa, kafin Allah ya sa aka sako shi bayan 'yan kwanaki. Yaron da ya ji manya suna maganar an ɗauke sarkin garinsu, ba za a iya lallashinsa da cewa irin wannan a fim kawai yake faruwa ba.

Saboda haka yaro ɗan shekara 9 a birnin Landan da takwaransa a Kwoi za su kalli abu ɗaya, amma ba abu ɗaya zai shiga zuciyarsu ba. Na farko zai ga labarin jarunta a wata ƙasa mai nisa. Na biyu yana iya ganin hanyar makarantarsu. Babu alamar hukuma, ta gida ko ta waje, da za ta iya auna wannan bambanci.

ALHERIN DA KE CIKI

Kada a ɗauka cewa abin da ake nufi shi ne a hana yara kallo. Iwájú yana da alheri mai yawa. Babu batsa a cikinsa, kuma ƙarshensa mai daɗi ne, domin yarinyar ta kuɓuta. Ya nuna abota tsakanin Tola, 'yar mai kuɗi, da Kole, ɗan talaka mai aiki a gidansu, wanda rashin lafiyar mahaifiyarsa ya sa miyagu suka sami hanyar matsa masa. Ya nuna uban da aiki ya ɗauke wa hankali har ya kasa samun lokacin 'yarsa. Waɗannan abubuwa ne da yaro mai wayo zai amfana idan babba ya tattauna su da shi. Ban da haka, ba ƙaramin abu ba ne yaron Nijeriya ya ga masu kamarsa, da tufafinsa, da abincinsa, su ne ke ƙera na'urori a labarin gobe.

Ƙasar Jaba kuwa ba baƙuwar hoto ba ce, ba kuma baƙuwar ilmi ba. A ƙauyen Nok da ke cikin wannan ƙaramar hukuma ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu cikin 1928, daga baya kuma duniya ta san cewa mutanen wannan yanki sun iya siffanta mutum da dabba da laka, sun kuma iya narka ƙarfe, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Tun cikin 1910 'yan mishan na SIM suka zauna a Kwoi, garin ya kuma yi suna wajen karatun zamani. Jikokin waɗannan mutane sun cancanci labaran da za su sa su sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, wata rana ma su zana nasu.

Irin waɗannan labarai suna nan. Fim ɗin WALL-E na 2008 labarin wani ɗan mutum-mutumi ne da aka bari yana kwashe shara bayan mutane sun ƙazantar da duniya sun gudu. Farkonsa kusan babu magana, don haka ko yaron da bai ji Turanci ba zai bi labarin. Cikin watan Disamba na 2020 aka fito da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon fim ɗin zane na farko da aka yi a Nijeriya don gidajen silima. Cikin 2023 kuma aka fito da Kizazi Moto, gajerun labaran kimiyya guda 10 daga masu zane na Afirka, ciki har da na wani ɗan Nijeriya, Shofela Coker, wanda ya gina nasa a kan labarin Moremi ta Ile-Ife. Amma su ma waɗannan ba a ce a miƙa su ido rufe ba.

YADDA AKE DUBAWA

Aikin dubawa ba ya bukatar digiri. Abu na farko shi ne babba ya fara kallo, ko da da dare ne bayan yara sun kwanta. Iwájú gaba ɗayansa bai wuce kimanin awa biyu ba, watau bai fi wasan ƙwallo ɗaya da ake zuwa gidan kallo dominsa ba. Uban da ba ya jin Turanci sosai yana iya zama da babban ɗansa ko ƙanensa ya riƙa fassara masa.

Yayin kallo, sai ya sa yaronsa a zuciya, ba yaran duniya duka ba. Shekarunsa nawa? Mai yawan firgita ne cikin barci? An taɓa sace wani a danginsu, ko a makarantarsu, ko a kan hanyar da suke bi? Ya yi rashin uwa ko uba kwanan nan? Sa'an nan ya duba labarin: wa ke cin nasara a ƙarshe, kuma ta wace hanya? Mugu ya ga sakamakon aikinsa, ko kuwa an mai da shi abin sha'awa? Yaya yaran cikin fim ke yi wa iyayensu magana? Akwai abin da ya saɓa wa tarbiyyar gidan, Kirista ne ko Musulmi?

Akwai kuma abin da ya shafi lafiyar jiki. Finafinan kimiyya sun cika walƙiya da fashe-fashe. Ran 16 ga watan Disamba na 1997, an nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon a Japan wanda ke da hasken ja da shuɗi mai saurin ƙyaftawa, aka kai masu kallo 685 asibiti, mafi yawansu yara, wasu da jiri, wasu da amai, wasu da farfaɗiya. Gidan da ke da yaro mai farfaɗiya sai ya yi hattara, kada kuma a bar yara su manna ido a waya cikin duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara cikin 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Idan aka ɗora Iwájú a kan wannan ma'auni, hukuncin da ya fi kusa da hankali shi ne: ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 8 a jinkirta musu. Waɗanda suka kai 10 su kalla tare da babba, da rana, a kuma ba su damar yin tambaya. Yaron da masifar garkuwa ta taɓa gidansu kuwa, komai shekarunsa, a bari sai iyayensa sun ga ya natsu. In an gama kallo, a tambayi yaro abin da ya gani da abin da ya ba shi tsoro, a kuma yi amfani da damar a koya masa abin da zai yi idan baƙo ya kira shi a hanya.

Malaman makaranta da na majami'u da na Islamiyya suna da rawar da za su taka. Idan malami ɗaya ya kalli fim ya gaya wa iyaye 50 abin da ke ciki a taron iyaye da malamai, ya sauƙaƙa wa gari aiki. Su ma samarin da ke tura finafinai a waya, ba abin kunya ba ne su tambayi wa za a kai wa kafin su cika kati.

AIKIN KAKA

Ba yau aka fara ba yara labarin ban tsoro ba. Tatsuniyoyin Hausa cike suke da Dodo mai haɗiye 'yan mata da kura mai cin yara, sauran ƙabilu kuma kowace da nata. Amma mai ba da tatsuniya tana zaune ne tare da yaran, tana ganin fuskokinsu a hasken wata. Ta san wanda uwarsa ta rasu bara, ta san matsoraci, ta san mai taurin kai da ke bukatar a ɗan razana shi. Idan ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a jikinta, sai ta rage wa Dodo haƙora, ta gaggauta kawo Gizo a yi dariya, ta rufe da ƙurunƙus kowa ya tafi ya kwanta lafiya.

Waya ba ta ganin fuskar yaro, haka talabijin. Abin da aka zuba musu shi za su zubo, ko yaron yana dariya ko yana makyarkyata. Hukuma za ta ci gaba da sa alamominta, kamfanoni kuma za su ci gaba da zana labaransu, waɗansu masu kyau ƙwarai. Amma wurin da kaka ta tashi ta bari, sai uwa da uba sun zauna a kai. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya tsare mana yaranmu a gida da makaranta, ya kuma ba ƙasar nan zaman lafiya, amin.